Ɓari Uku a Jere: Shin Maganin Homon Zai Riƙe Mini Ciki?

Assalamu alaikum, Anti. Shekaruna 31, shekara bakwai ke nan da aurena, kuma Allah ya ba mu 'ya mace guda ɗaya mai shekara biyar, wadda na haifa lafiya ƙalau. Tun bayanta na samu ciki sau uku cikin shekara biyu, dukkansu sun zube kafin su cika wata uku. Biyun ƙarshe da ɗigon jini suka fara, na kwana uku zuwa huɗu, sannan ciwon mara ya biyo baya. A na ukun mai kemis ɗin unguwarmu ya yi mini wata allura da ya ce ta riƙe ciki ce, amma duk da haka sai da aka yi mini wankin ciki. Yau wata huɗu ke nan. Wata ƙawata ta ce homon ɗina ne ya yi ƙasa, in sayi Duphaston in fara sha tun kafin in yi ɓatan wata. Surukata kuma ta ce taɓin aljani ne, har an kawo mini jiƙe-jiƙe. Maigidana bai ce komai ba, kuma shirun nasa ya fi komai damuna. Shin maganin homon yana hana ɓari da gaske? In fara sha yanzu?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da haƙuri, Allah ya mayar miki da mafi alheri, ya raya wadda ya ba ku. Ɓari uku a cikin shekara biyu rashi ne na gaske, ko da kuwa ba a yi zaman makoki ba kuma ba wanda ya zo yi miki gaisuwa, don haka kada ki ji kunyar baƙin cikin da kike ciki. Amsar tambayarki a taƙaice ita ce kada ki fara shan komai yanzu. Akwai maganin homon da yake taimaka wa wasu mata, kuma bisa abin da kika rubuta akwai alamar kina iya kasancewa cikinsu, amma yana da lokacinsa da sharuɗɗansa, kuma wannan lokacin da ba ki da ciki lokacin bincike ne. Zan yi miki bayanin dalili dalla-dalla, domin idan kika zauna gaban likita ki san abin da za ki tambaya, ki kuma san abin da za ki ƙi karɓa a kemis.

Kafin maganar magani, akwai nauyin da nake so ki sauke daga zuciyarki. Kusan ciki 15 cikin kowane 100 da aka tabbatar da shigarsu suna ƙarewa da ɓari, kuma kusan mace ɗaya cikin 100 ce take yin uku ko fiye. Wajen rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko yana faruwa ne saboda kuskure a ƙwayoyin halittar ɗan tayin kansa, wato tun ranar da ƙwan mace da maniyyin namiji suka haɗu lissafin bai daidaita ba, ya zo da ƙari ko da ragi, kuma irin wannan cikin ba zai ɗore ba ko da wane magani aka sha. Wannan kuskure yana ƙaruwa ne da shekarun mace, musamman bayan 35, kuma ke ba ki kai nan ba. Daka da ɗaukar bokitin ruwa da hawa babur mai ƙafa uku da kwanciyar aure ba su ne suke zubar da lafiyayyen ciki ba, haka kuma kwanciya a gado wata da watanni ba a samu tana hana ɓari ba. Na faɗi wannan ne domin na sha ganin mata suna lissafa wa kansu laifi, wata ta ce da ban yi wanki ranar nan ba, wata ta ce da ban je biki ba, alhali abin da ya faru ya riga ya faru tun kafin su san suna da cikin.

Homon ɗin da ƙawarki take nufi sunansa furojestaron. Bayan ƙwai ya fita daga ma'ajiyarsa a tsakiyar wata, gurbin da ya bari yana fara fitar da wannan sinadari, shi kuma yana kaurara shimfiɗar cikin mahaifa, yana sa ta karɓi ɗan tayi, yana kuma kwantar da tsokar mahaifar don kada ta riƙa matsewa. Daga wajen mako na takwas zuwa na goma, mabiyiya ce take karɓar aikin ta ci gaba da fitar da shi har haihuwa. Babu ciki da zai zauna ba tare da shi ba, kuma daga nan ne tunanin ya samo asali cewa duk macen da take ɓari ai ƙarancinsa ne, a ƙara mata kawai. Tunanin yana da daɗin ji, amma akwai gyara a cikinsa. Sau da yawa idan aka auna jinin mai ɓari aka ga furojestaron ya yi ƙasa, cikin ne ya riga ya lalace shi ya sa sinadarin ya sauka, ba saukarsa ce ta lalata cikin ba. Ƙari a kan haka, yawansa a jini yana hawa yana sauka a cikin yini ɗaya, saboda haka awo guda ba ya isa a yanke wa mace hukunci cewa homon ɗinta ya yi ƙasa, balle a yanke mata shi da baki ba tare da awo ba.

Likitoci sun daɗe suna gardama a kan wannan, har aka yi manyan bincike guda biyu ƙarƙashin jagorancin Farfesa Arri Coomarasamy na Jami'ar Birmingham da ke Ingila, kuma sakamakonsu ne ginshiƙin abin da ake yi a yau. Na farkon, wanda ake kira PROMISE, an wallafa shi a 2015. An ɗauki mata 836 a Birtaniya da Holan, dukkansu sun yi ɓari uku ko fiye ba tare da an gano dalili ba. Da zarar gwaji ya nuna ciki ya shiga, sai a ba rabinsu furojestaron miligiram 400 da ake sakawa ta gaba safe da yamma har zuwa mako na 12, sauran rabin kuma a ba su abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki, ba tare da su ko likitocinsu sun san wa ya samu wanne ba. A ƙarshe kusan kashi 66 cikin 100 na waɗanda suka samu maganin sun haihu da rai, waɗanda ba su samu ba kuma kashi 63. Wannan tazara ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai a ce aikin magani ba ce. Ma'anarsa ita ce bai wa kowace mai yawan ɓari furojestaron tun daga ranar da ta ga ciki, alhali ba ta ganin jini, bai nuna wani amfani a fili ba.

Ina so ki sake duba adadin nan na biyu, domin shi ne abin da ya fi faranta mini rai a duk binciken. Mata ne da suka yi ɓari uku, wasu huɗu, wasu fiye, ba a ba su maganin komai ba sai kulawa da bibiya, amma fiye da shida cikin goma sun rungumi jaririnsu a cikin da ya biyo baya. Ke kuma kina da shekara 31, kuma mahaifarki ta taɓa ɗaukar ciki har wata tara.

Bincike na biyu, mai suna PRISM, ya fito a 2019, kuma shi ne ya fi kusa da labarinki. A wannan karon an ɗauki mata 4,153 a asibitoci 48 na Birtaniya, waɗanda suka zo da zubar jini a farkon ciki, aka ba rabinsu irin wancan magani har zuwa mako na 16. Idan aka haɗa su gaba ɗaya, bambancin bai taka kara ya karya ba, kashi 75 da kashi 72. Ga matan da ba su taɓa ɓari ba, maganin bai ƙara musu komai ba. Amma da aka ware waɗanda suka taɓa ɓari, sai amfanin ya fara bayyana, kuma yana ƙaruwa gwargwadon yawan ɓarin da mace ta yi a baya. A cikin waɗanda suka yi uku ko fiye, kashi 72 na masu maganin sun haihu da rai, waɗanda ba su samu ba kuma kashi 57. Gaskiya ne cewa wannan rukuni bai kai mata 300 ba, don haka bai kamata a ɗauki adadin tamkar alkawari ba, amma tazarar tana da girma, kuma ba a ga ƙarin nakasa ga jariran da aka haifa ba. Bisa wannan ne hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawara a watan Nuwamba na 2021 cewa macen da ta taɓa ɓari, ta kuma zo da jini a farkon sabon ciki, kuma hoto ya tabbatar cikin yana zaune a cikin mahaifa, a ba ta furojestaron miligiram 400 ta gaba sau biyu a rana, idan an ga bugun zuciyar ɗan tayi a ci gaba har ta cika mako 16.

Ki lura da sharuɗɗan nan uku, wato ɓari a baya, da jini a cikin da ake ɗauke da shi, da hoton da ya nuna inda cikin yake. Na ukun ne aka fi tsallakewa a wurinmu, kuma shi ne mafi haɗari a tsallake. Ɗigon jini a farkon ciki yana iya zama alamar cikin da ya zauna a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai yake bi, kuma irin wannan idan ya fashe yana iya kashe mace cikin sa'o'i kaɗan saboda jinin da yake zuba a cikin cikinta ba a gani. Yana kuma iya zama cikin da ya riga ya daina girma, wanda babu homon ɗin da zai dawo da shi. Mai kemis, komai kyawun niyyarsa, ba shi da hanyar bambance waɗannan da ido, kuma macen da aka yi wa allura aka ce ta koma gida ta kwanta tana iya zama da haɗari tana zaton tana kan magani. Saboda haka abin da nake so ki yi shi ne ki shirya da likitan mata tun yanzu, ku yi yarjejeniya cewa da zarar kin ga ɓatan wata za ki yi gwajin fitsari ki sanar da shi, a sa miki ranar hoto a wajen mako na shida zuwa na bakwai, kuma idan kika ga jini ko da ɗigo ne, ranar za ki je, ba bayan kwana uku ba. Tun da cikinki biyu sun ba da wannan tazara ta kwana uku zuwa huɗu kafin su zube, ita ce ƙofar da maganin zai iya shiga idan har zai yi aiki. Wasu likitocin, idan suka ga mace ta yi ɓari da yawa, sukan zaɓi su fara ba ta tun kafin jini. Wannan shawara ce da za ku yanke tare, kina sane da cewa hujjarta ba ta kai ƙarfin waccan ba.

Duphaston da ƙawarki ta ambata magani ne na gaske, ƙwaya ce ta sha mai kwaikwayon furojestaron, kuma likitoci da dama a Najeriya suna rubuta shi. Akwai ƙananan bincike, ciki har da wanda aka yi a Indiya, da suka nuna yana iya taimakawa, sai dai manyan binciken nan biyu ba da shi aka yi su ba, da irin wanda ake sakawa ta gaba aka yi, wanda a kantunan magani aka fi saninsa da sunaye irin su Cyclogest. Idan likitanki ya zaɓi Duphaston saboda sauƙin samu ko sauƙin sha, wannan abu ne da ake yi. Abin da ba ni tare da shi shi ne ki saya da kanki ki fara sha tun babu ciki, domin ba a nuna hakan yana hana ɓari ba, kuma yana iya rikita miki lissafin al'ada a daidai lokacin da ake bukatar sanin ranar da ciki ya shiga. Ki kuma yi hattara da Primolut N, wanda mata suke sha don jinkirta al'ada lokacin aikin Hajji ko azumi. Mutane suna jin an ce shi ma homon ne mai tsayar da jini sai su ba mai ciki, alhali ba a yarda mai ciki ta sha shi ba sam.

Ba ki faɗi sunan allurar da aka yi miki ba, amma akwai wata allurar mai da aka daɗe ana yi wa masu ciki mako-mako da sunan riƙe ciki, wadda sinadarinta wani ɗan'uwan furojestaron ne da aka haɗa a masana'anta. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta janye amincewarta da ita a 2023 bayan an ga ba ta hana haihuwar bakwaini da aka amince da ita dominsa, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da ita. Idan takarda ko kwalbar allurar tana nan, ki tafi da ita wurin likita. Tarihin likitanci yana da darasi mai ɗaci a kan wannan. Daga shekarun 1940 an riƙa ba miliyoyin mata masu ciki a Amurka da Turai wani homon mai suna DES da niyyar hana ɓari. Tun a 1953 wani bincike a Jami'ar Chicago ya nuna ba ya hanawa, amma aka ci gaba da rubuta shi, har sai a 1971 da likitoci a Boston suka gano wani nau'in sankarar farji da ba a saba gani ba a jikin 'yan matan da iyayensu suka sha shi suna ɗauke da cikinsu. DES ba furojestaron ba ne, kuma ban kawo labarin don in tsorata ki da maganin da aka gwada aka tabbatar ba. Na kawo shi ne don ki ga dalilin da ya sa kalmar homon ita kaɗai ba ta isa ba, dole a san wanne ne, nawa ne, kuma wa ya gwada shi a kan wa.

Yanzu ga aikin da ya fi gaggawa, wanda wata huɗun da kika yi ya sa lokacinsa ya yi daidai. Macen da ta yi ɓari uku a jere ta cancanci cikakken bincike, har ma ƙungiyoyin likitoci da dama yanzu suna farawa tun bayan na biyu. Mafi muhimmanci a ciki shi ne gwajin jini na wani ciwo da ake kira antifosfolifid, inda garkuwar jiki take fitar da sinadaran da suke sa jini saurin daskarewa, su kuma hana mabiyiya kama jikin mahaifa yadda ya kamata. Na sa shi a gaba ne saboda yana cikin dalilan yawan ɓari da suke da magani tabbatacce, wato ƙaramin asfirin tare da allurar hefarin a tsawon cikin, kuma furojestaron ba ya maye gurbinsu. Ba a tabbatar da ciwon da gwaji ɗaya, sai an maimaita bayan aƙalla mako 12 an sake samunsa, don haka idan aka fara yau wata uku ne a gaba, kuma zai fi kyau ku ɗan dakata da neman ciki har sakamakon ya fito. Kada ki ji an ambaci asfirin ki je ki saya, domin ga macen da ba ta da wannan ciwo bincike bai nuna yana hana ɓari ba, kuma yana iya ƙara zubar jini.

Akwai kuma homon na biyu da mutane ba sa kawowa a rai, wato na tayrod, ƙullutun nan na gaban wuya wanda idan ya kumbura ake kira maƙoƙo. Idan aikinsa ya yi ƙasa sosai ko ya yi yawa yana iya jawo ɓari, kuma gwajin jini ne mai sauƙi yake nunawa, maganinsa kuma ƙwaya ce da ake sha kullum. A nan ma darasin ɗaya ne da na furojestaron, domin wani babban bincike da aka wallafa a 2019 mai suna TABLET ya nuna cewa bai wa matan da tayrod ɗinsu yake aiki daidai wannan ƙwaya bai ƙara yawan haihuwa ba. Za a kuma auna sukari, saboda ciwon sukarin da ba a daidaita ba yana lalata ciki tun a makonnin farko. Sannan a yi hoton mahaifa mai kyau don a ga siffarta, ko akwai shamaki a tsakiyarta da aka haife ki da shi, ko ƙari da ya kutso cikin raminta. Tun da an yi miki wankin ciki, ki gaya wa likita idan jinin al'adarki ya ragu sosai daga lokacin, domin wani lokaci bangon mahaifa yakan manne bayan wanki. A ƙalilan daga cikin ma'aurata, kashi biyu zuwa biyar cikin 100, ɗaya daga cikinsu ne yake ɗauke da wani sauyin tsari a ƙwayoyin halittarsa wanda shi bai dame shi ba amma yana shafar ɗan tayi, kuma wannan yana iya zama daga miji kamar yadda yake iya zama daga mata. Ɗaurin bakin mahaifa da za ki ji wasu suna ba ki shawara na masu ɓarin wata huɗu zuwa shida ne, waɗanda bakin mahaifarsu yake buɗewa ba tare da naƙuda ba, kuma labarinki bai yi kama da nasu ba.

Dole in gaya miki cewa a kusan rabin ma'aurata, duk wannan bincike yana ƙarewa ba a ga komai ba. Idan haka ta faru kada ki ɗauka kuɗinku ya tafi a banza, domin irin waɗannan mata su ne na binciken PROMISE, waɗanda mafi yawansu suka haihu. Ba kowane asibiti ne yake da waɗannan gwaje-gwaje ba, saboda haka ki nemi a tura ki sashen mata na asibitin koyarwa ko babban asibitin tarayya mafi kusa da ke, irin na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Idan kuɗi bai isa a yi duka a lokaci ɗaya ba, ki faɗa wa likita kai tsaye ya jera muku su bisa muhimmanci.

A ƙasarmu ba a maganar ciki a manta da zazzaɓin cizon sauro, wanda yake iya zubar da ciki a kowane wata. Ki riƙa kwana cikin gidan sauro tun yanzu, idan kuma kika ji zazzaɓi da ƙaramin ciki ki je a gwada a ba ki maganin da ya dace da watanninki. Ƙwayoyin rigakafin nan uku da ake bayarwa a wurin awo ba a fara su sai an shiga mako na 13. Ki fara shan folik asid tun kafin ciki ya shiga, ki san rukunin jininki da jinsinsa, ki rage goro da shayi mai kauri da kofi, kuma idan maigida yana shan taba ko shisha, hayaƙin ya tsaya a waje.

Idan Allah ya kawo cikin kuma aka rubuta miki furojestaron na sakawa, ki saye shi a kantin magani mai rajista ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Da wani irin kitse ake haɗa shi wanda yake narkewa da ɗumin jiki, don haka zafin bazara yana iya narkar da shi tun yana cikin kwali. Ki ajiye shi a wuri mafi sanyi a ɗaki, kamar gindin randa, nesa da taga. Za ki iya ganin farin ruwa yana fita bayan kin saka, ko ki ji barci da nauyin nono, duk waɗannan ba abin tsoro ba ne, kuma ɗigon jini ba ya hana a saka shi. Kada ki daina da kanki don kin ga jinin ya tsaya, kada kuma ki ƙi komawa hoto na biyu. Amma idan jini ya yi yawa har yana jiƙa ƙunzugu cikin sa'a guda, ko kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ciwon kafaɗa, ko jiri kamar za ki faɗi, ko zazzaɓi da ruwa mai wari, wannan na asibiti ne nan take, ko da tsakar dare ne.

Game da surukarki, ina kyautata zaton damuwa ce ta sa ta nemo abin da ta sani, don haka ki karɓi kulawarta da ladabi. Addu'a da karatun Alƙur'ani da tofi ba su cin karo da asibiti, kuma addu'ar Annabi Zakariyya, alaihis salam, ta neman zuri'a tana nan ga duk mai nema. Inda zan ja miki layi shi ne abin da zai shiga cikinki. Jiƙon da ba a san saiwar da ke ciki ba kuma ba a san ƙarfinta ba yana iya zama shi ne mai motsa mahaifa, domin a cikin itatuwanmu akwai waɗanda ungozomomi suke bayarwa don a tayar da naƙuda. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ce mata, Hajiya, likita ya hana ni shan komai sai an gama gwajin jini, amma ina roƙon ki ci gaba da sa mu a addu'a. Zai fi kyau ma maganar ta fito daga bakin ɗanta.

Wannan ya kawo ni ga maigidanki. Shirun namiji a irin wannan hali ba lallai ne ya zama zargi ko shirin ƙaro aure ba, sau da yawa rashin sanin abin faɗa ne, domin shi ma ya yi rashi sau uku kuma ba wanda ya ce masa sannu. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki gaya masa cewa shirunsa yana tsorata ki, ki kuma roƙe shi abu guda ɗaya takamaimai, wato ya raka ki ganin likita a karon farko. Akwai tambayoyin da shi za a yi wa, kuma jin bayani daga bakin likita zai sa ya fahimci dalilin dakatawar wata uku da kuɗin gwaji, ya kuma san cewa ranar da kika kira shi kika ce kin ga jini, ranar barin kasuwa ko ofis ce a tafi hoto. Idan kuma kika ga baƙin cikin yana hana ki barci ko cin abinci, ko kina kuka kullum har kula da 'yarki yana yi miki nauyi, ki faɗa wa likitan wannan ma, domin yana cikin abin da ake dubawa kuma ake magancewa.

Kafin ranar zuwa asibitin, ki samu takarda ki rubuta watan da kowane ciki ya shiga da makon da ya zube, da yadda ya fara, da ko an taɓa ganin bugun zuciya a hoto, da duk maganin da kika sha ko aka yi miki allurarsa, har da na gargajiya. Ki haɗa da katin awon cikin 'yarki da takardun hoton da kike da su da takardar wankin cikin. Ki rubuta ranakun al'adarki na watannin nan huɗu, ki ci gaba da rubutawa duk wata. Idan sakamakon gwajin farko ya fito, ki sake rubuto mini in ji yadda ake ciki. Allah ya ba ki lafiya, ya sa mu ji alheri.